Shawara: Za Mu Kai Baba da Yara Kamun Kifi, Kusa da Gaɓa ko Can Tsakiyar Teku?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a Houston ta jihar Texas da yaranmu uku, mai shekara 13, da mai 8, da auta mai 5. Surukina ya zo mana daga Yauri, zai yi wata biyu. Shekararsa 71, yana da ciwon suga da hawan jini, amma da sauran ƙarfinsa. A bakin Kwara ya tashi, kullum hirarsa ta ruwa ce da kifi. Shi ne maigidan ya ƙudurta zai ɗauki shatar jirgi a Galveston cikin watan Yuli, mu tafi kamun kifi mu duka shida. Wani abokin aikinsa ya nuna masa hotunan manyan kifaye da suka kamo can tsakiyar teku, tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Tafiyar awa 12 ce. Ni kuma na bincika na ga akwai ta awa 4 a nan kusa da gaɓa, kuɗinta bai kai rabin waccan ba. Da na yi masa magana sai ya ce tsoro ne kawai, ai Baba ɗan ruwa ne. Gaskiya ina tsoron, don ko iyo ban iya ba. Amma ba na so in zama mai kashe masa gwiwa a kan abin da yake son yi wa mahaifinsa. Wacce za mu zaɓa, kuma ta yaya zan faɗa masa?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi wa yaran albarka.

Ku ɗauki ta kusa da gaɓa, ta safe, ta awa huɗu ko biyar. A kan wannan ba ni da wani kokwanto. Ba don tsoronki na faɗi haka ba, ko da yake tsoron naki ba abin kunya ba ne. Dalilina shi ne, in iyali za su shiga jirgi ɗaya, ba da mai ƙarfin cikinsu ake auna tafiyar ba. Da auta mai shekara biyar ake auna ta, da kuma dattijo mai shan maganin suga. Abin da waɗannan biyun za su iya ɗauka, shi ne iyakar tafiyar kowa.

Bari in fara da ruwan kansa, domin mutane da yawa suna jin "teku" sai su ɗauka duk abu ɗaya ne. A bayan tsibirin Galveston akwai makeken lungun teku wanda kogin Trinity da na San Jacinto suke zuba a cikinsa, ruwan daɗi yana gauraya da na gishiri. Yana da faɗi sosai, amma ba shi da zurfi. Akasarinsa bai wuce kamar mita biyu ba in aka cire hanyar da aka haƙa wa manyan jiragen kaya. Tsibirin da zirin ƙasar Bolivar sun tare masa raƙuman ruwan da ke tasowa daga tekun Meziko. In iska ta taso yana yin tsalle-tsalle, ba a hana shi, amma ba irin ɗagawa da saukewar da babban teku ke yi ba. Daga inda za ku hau jirgi zuwa inda za a fara jefa ƙugiya, sau da yawa minti ashirin ne ko talatin, kuma idonku na kan ƙasa.

Ta tsakiyar teku kuwa wani lamari ne daban. Gaɓar Texas tana gangarawa ne a hankali, sai an yi nisa kafin a sami zurfin kirki. Shi ya sa masu neman jan kifin nan da ake kira red snapper, wanda nake kyautata zaton shi maigidan ya gani a hoto, sukan yi mil talatin zuwa sittin daga gaɓa, wani lokaci fiye. Ki lissafa: awa biyu ko uku na gudu a kan ruwa kafin a jefa ƙugiyar farko, sannan wasu awa biyu ko uku na dawowa. Cikin awa goma sha biyun nan, kusan rabi zama ne ana riƙe da ƙarfe, injin yana ruri, ruwan gishiri yana fantsamo wa mutum a fuska. Babba mai shauƙin abin zai jure. Yaro ɗan shekara biyar, kafin a yi awa ɗaya zai fara tambayar yaushe za a koma gida.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau, don nan ne maganar maigidan take da rauni. Ya ce Baba ɗan ruwa ne. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan ko kaɗan. Wanda ya tashi a Yauri ya san kwalekwale, ya san iska, ya san yadda ake zama a jirgi ba a karkata shi ba. Amma Kwara tafiya take yi gaba. Teku kuwa numfashi yake yi, ya ɗaga jirgi a hankali ya sauke, ya karkata shi dama ya dawo da shi hagu, ba ya fasawa ko na daƙiƙa ɗaya. Mafi tsananinsa ma sai an kashe inji an tsaya kamun kifin. Jirin teku yana zuwa ne saboda abin da ke cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, ido kuma yana kallon cikin jirgi yana cewa a tsaye ake. Da saƙon biyu suka saɓa, sai zufa mai sanyi, sai hamma, sai tashin zuciya, sai amai. Ba ruwansa da jarumta, ba ruwansa da iya iyo. Kuma yara daga shekara 2 zuwa 12 suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa, ke kuma biyu cikin ukun naki a nan suke.

Na taɓa ganin wannan da idona. Shekarun baya mun shiga irin wannan doguwar tafiya da iyalin ƙanena, har da ɗansa mai shekara tara wanda ya kwana bai yi barci ba don murna. Da muka bar gaɓa yana tsaye a gaba yana ihu yana nuna tsuntsaye. Bayan kamar awa ɗaya da rabi sai na ga ya yi shiru, leɓensa ya bushe, ya zo ya kwantar da kai a cinyata. Bai ƙara tashi ba. Ya yi amai har babu abin da ya rage sai kumallo, ina jiƙa gefen mayafina da ruwan ƙanƙara ina shafa masa a goshi, yana ce min a hankali, "Gwaggo, ki ce su mai da mu." Da na ɗaga kai na duba gabas da yamma, babu komai sai ruwa. An kama kifi ranar, manya ma kuwa. Amma har yau in an ce masa jirgin ruwa sai ya girgiza kai. Abin da ya fi yi min ciwo ke nan, mun je don mu sa masa son abu, mun dawo mun cire masa shi.

Ga Baba kuma abin ya wuce rashin jin daɗi. Mai ciwon suga da ya sha maganinsa da safe, sannan amai ya hana abinci zama a cikinsa, sukarinsa na iya faɗuwa. Ki haɗa da zafin Yuli na gaɓar Texas, zafi mai ɗanshi wanda zufa ba ta bushewa, da ƙarancin ruwa a jiki, da maganin hawan jini. In wani abu ya taso kuna mil hamsin daga ƙasa, tsakaninku da likita awanni ne. In ya taso a lungun teku, cikin ɗan lokaci kuna bakin mota. Ki kuma tambayi maigidan, a matsayin tunatarwa, ko an yi wa Baba inshorar lafiya ta baƙi, don kin san yadda kuɗin asibiti yake a Amurka.

Kar ki ɗauka ta kusa da gaɓa tafiyar maneji ce. Ga yara, ita ce ta fi daɗi, domin yaro ba girman kifi yake nema ba, motsi yake nema. Ana laƙa wa ƙugiya jatan lande mai rai, a ɗaura ƙwallo mai yawo a saman ruwa, a jefa. Yaron ya zuba wa ƙwallon ido. Can sai ya ga ya nutse fat ɗaya, sandar ta lanƙwashe a hannunsa. Wannan lokacin shi ne komai, kuma a lungun teku yakan maimaitu sau da yawa cikin safiya ɗaya. Akwai kifin da suke kira redfish, mai launin jan ƙarfe da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, yana ja kamar ɗan maraƙi. Akwai wani mai zane baƙi da fari da haƙora a jere kamar na mutum, wanda in mai shekara takwas ɗinki ya leƙa bakinsa zai yi sati yana ba da labari. Akwai wanda in an ɗago shi yake gurnani kamar ana buga ƙaramar ganga. A mashigar da manyan jirage ke bi kuma ba wuya ku ga dabbar dolfin tana fitowa tana nutsewa a gefenku, ga jiragen dakon kaya masu tsayin bene suna wucewa zuwa tashar Houston.

Idan maigidan ya dage sai ya ga babban kifi a hannun Baba, akwai tsaka-tsaki. A bakin mashigar an jera manyan duwatsu, katanga biyu da suka miƙe cikin teku suna kare hanyar jirage. Nan manyan kifaye suke taruwa, kuma matuƙi yana iya fakewa a gefen da iska ba ta bugawa. Ya fi cikin lungu motsi, don haka a bar wa matuƙin ya duba yanayin ranar: in ruwa ya kwanta a leƙa, in bai kwanta ba a zauna ciki. Manyan redfish sun fi cika wurin a watan Satumba da Oktoba, amma ko da rani ba a rasa abin da zai sa hannun dattijo rawa.

Sai dai in gaya miki aibun ta kusa da gaɓa, kada ki je ki ce Anti ta ɓoye. Yawancin ƙananan jiragen da ke wannan aiki ba su da banɗaki, wasu ko rumfa ba su da ita. Ga namiji Ba'amurke wannan ba komai ba ne. Ga mace mai lulluɓi, a gaban surukinta, da yarinya ko yaro ƙarami, babbar magana ce. Don haka kafin a biya ko sisin kwabo na kafin alƙalami, a kira matuƙin a tambaye shi baki da baki: akwai banɗaki mai ƙofa? Akwai inuwa da wurin zama mai jingina don dattijo? Sannan a gaya masa ku shida ne. Lasisin da hukumar tsaron gaɓar ruwan Amurka ke bai wa akasarin waɗannan matuƙa ya tsaya ne a fasinja shida, kuma yaro komai ƙanƙantarsa mutum ɗaya ake ƙirga shi, don haka ba wurin ƙara ko ɗan maƙwabta. Wasu jiragen ma mutum huɗu suke ɗauka. Ku nemi mai ɗan girma. A faɗa masa shekarun yaran, a saurari yadda zai amsa. Wanda ya saba da yara za ki ji shi a muryarsa, zai fara tambayar nauyinsu saboda rigar ceto. Wanda ya yi jim, a nemi wani. A kuma tambayi abin da zai faru da kuɗin in yanayi ya ɓaci, domin daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne, ku da kuke Houston ba sai an tuna muku abin da guguwar Beryl ta yi a Yulin 2024 ba.

Batun rigar ceto ba na sassauta shi. Dokar Texas ta wajabta wa duk yaron da bai kai shekara 13 ba ya sa ta muddin jirgin da bai kai ƙafa 26 ba yana tafiya. Ni kuwa na ce ke ma ki sa, Baba ma ya sa, babban yaron ma ya sa. In Baba ya ce shi da ya yi iyo a Kwara, maigidan ne zai lallashe shi, ba ke ba. Mutanen Kebbi ba su manta da jirgin da ya nutse a yankin Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da yawan rayukan da suka tafi. Wanda ya fito daga wannan yanki ya fi kowa sanin ruwa ba shi da aboki. A saya wa auta tata daidai jikinta tun a gida, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, a bar ta ta sa tana yawo da ita a falo har ta saba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Duk wanda ya kai shekara 17 kuma zai riƙe sanda sai ya sayi lasisin kamun kifi na jihar Texas, akwai na kwana ɗaya, ana saye ta intanet. Kuɗin shata bai haɗa da shi ba, yaran kuma ba sa buƙata. Ana ba matuƙi ko yaron jirgi tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiyar, a sa shi cikin lissafi tun farko. A yi karin kumallo mara maiƙo, a tafi da ruwa mai yawa, da dabino saboda Baba, da citta ko alewarta. Maganin jiri ana shansa ne kamar awa ɗaya kafin a hau, ba bayan zuciya ta fara tashi ba, kuma yana sa barci. Na yara a tambayi likitansu. Na Baba kuwa kada a ba shi komai sai likita ya yarda, domin irin waɗannan magunguna ba sa jituwa da hawan jinin ido ko matsalar fitsarin da dattawa maza kan samu. In an kamo tarwaɗar teku, kada yaro ya kai hannu; tana da ƙaya mai dafi a baya da gefe, Baba zai gane ta nan take don 'yar'uwar ƙurungu ce a hali.

Wani alherin tafiyar safe: ku yi Asuba ku kama hanya, tsakanin Houston da Galveston kamar mil hamsin ne, kafin Azahar kun sauka. Ta awa goma sha biyu kuwa, Azahar da La'asar duk a kan ruwa za su same ku. Salla a jirgi ta halatta, amma alwala da tsayuwa a jirgin da ke rangaji ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekara 71.

Akwai abu biyu da nake so a shirya wa Baba zuciya a kansu tun a gida, in ba haka ba ransa zai ɓaci. Na farko, a nan ana mayar da kifi ruwa. Dokar redfish ita ce uku ga mutum a rana, daga inci 20 zuwa 28. Wanda bai kai ba, sai a sake shi, wanda ya wuce ma a sake shi sai da wata alama ta musamman. Mutumin da ya fito daga jihar da ake bikin Argungu, inda mai kifi mafi girma shi ke ɗaukar kyauta, ka ce masa wannan ya yi girma da yawa a mayar, sai ya ga kamar wasa ake masa. A yi masa bayani cewa manyan su ne iyaye masu zuba ƙwai, shi ya sa ake barin su. Masunci zai fahimci wannan da sauri. Hatta jan kifin tsakiyar tekun, a ruwan da ke nesa da gaɓa wanda yake hannun gwamnatin tarayya, biyu kacal ake yarda mutum ya ɗauka a rana. Na biyu, in an sauka, al'adarsu su yanke tsokar gefe biyu su zubar da kai da ƙashi. Ki yi maza ki ce a cire hanji kawai a bar muku shi ɗungurungum, kan nan shi ne farfesun Baba. Amma tarwaɗar lungun Galveston kada a kai ta tukunya. Hukumar lafiya ta jihar ta yi gargaɗi a kanta, da kuma wasu kifayen ɓangaren arewa kusa da hanyar jiragen Houston, saboda gurɓatar masana'antu, musamman ga yara da mata masu shekarun haihuwa. Ku tambayi matuƙin a wane ɓangare zai kai ku.

To, sai yadda za ki faɗa wa maigidan. Ƙanwata, ki fara gane abin da yake nema. Ba kifi yake nema ba. Yaro ne da ya bar gida ya yi nisa, yau mahaifinsa ya zo, yana so ya nuna masa cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba, ya kai shi ruwan da ya fi duk wanda ya taɓa gani. Wannan niyya ce mai kyau, ki yaba masa ita da bakinki kafin komai. Kada ki yi maganar a gaban Baba, kada ki fara da kuɗi, kada kuma ki fara da tsoronki, tunda ya riga ya sami amsar wannan. Ki bari sai dare, yara sun kwanta, ki ce masa: "Abban yara, na yi ta tunanin tafiyar nan. So nake Baba ya zauna da jikokinsa yana koya musu ɗaura ƙugiya, ba ya kwanta yana fama da kansa mu kuma muna fama da auta ba. Mu fara da gajeruwar mu gani." Ki nuna masa lissafin awannin gudu, ki tuna masa maganin Baba. Sannan ki buɗe masa ƙofa: akwai manyan jiragen haɗaka a Galveston da ake biyan kuɗin kujera ɗaya ɗaya, masu banɗaki da ɗaki, suna zuwa can tsakiyar tekun. Shi da babban yaron su je wata rana, watan Yuli da Agusta ma su ne lokacin da tekun ya fi kwanciya. Ya dai sani waɗannan ba sa juyowa don wani ya yi jiri, kuma zai tarar da masu shan giya a ciki. In Baba ya yi gajeruwar lafiya lau, ya ce da bakinsa yana son doguwar, likita kuma ya amince, wannan tsakanin ɗa da uba ne.

Kafin ranar, ku yi gwaji na kyauta. Akwai jirgin fito da ke ɗaukar motoci daga Galveston zuwa Port Bolivar, ba a biyan ko kwabo, kamar minti ashirin ne a tsallake. Ku je ranar Asabar da yamma, ku fito daga mota ku hau sama. Babban jirgi ne, ba zai nuna miki komai da komai ba, amma in wani cikin yaran ya yi shiru ko ya fara hamma a kansa, kin sami amsa, maigidan kuma ya gani da idonsa. Ki tsaya kusa da Baba a bakin ƙarfen, ki tambaye shi yadda suke gane inda kifi yake a Yauri, ki bar jikokin su matso su ji.